Shekarar da Na Yanke Rodin Bashiru

Na san abin da ake gaya muku a Zango game da ni da kawunku Bashiru. Nafisa ta ji shi a gidan biki, Habibu ya ji shi a bakin masallaci, kowannenku ya dawo ya ja bakinsa ya yi gum yana kallona ta wutsiyar ido. Wai Hajiya Ramatu ta kori ƙanenta daga gidan ubansu don ta cinye gida ita kaɗai. To tunda nauyin baki ya hana ku tambayata, ni zan faɗa, kuma rubutawa zan yi don kada gobe wani ya ƙara gishiri. Ban kore shi ba. Abin da na yi ya fi kora muni, amma ba shi suke faɗa ba, kuma cikin masu faɗar babu wanda ya taɓa hawa saman gidan nan ko sau ɗaya ya ga abin da nake fama da shi.

Kakanku Alhaji Garba dillalin shanu ne, haifaffen Zangon Kwatano kamar ubansa. Da Allah ya buɗa masa ya rushe tsohon gidanmu na katako, bai fara da bango ba kamar yadda kowa ke yi. Ginshiƙai goma sha biyu ya zuba, ya ɗaure su da ƙarfe, ya zuba musu dal a ka, wato rufin kankare, sai ya tsaya. Shekara biyu cur muna zaune a ƙarƙashin ƙwarangwal, tabarmi da langa-langa ne bangonmu, in iska ta taso daga teku sai Inna ta yi ta bin tukwane. Abokansa na kara suna yi masa dariya wai Alhaji ya gina rumfar kasuwa ya zuba iyali. Ko a jikinsa. Cewa yake bango ko yaushe a tayar da shi, shi ƙashin gidan yake so ya yi ƙwari. A kan kowane ginshiƙi ya bar rodi huɗu a tsaye, tsawon mutum, suna kallon sama, ya kuma gina matakala da ta hau har kan dal ta ƙare a fili.

Ina da shekara goma sha huɗu ranar da ya tara mu ya shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasa, ya zana gidan da fensirin magini. Bashiru yana da shida, yana zaune a cinyata, don ni na goye shi tun yana tsumma.

"Ga tsarin gidan nan, kowa ya ji," in ji Baba. "Ƙasa nawa ne, ni da Innarku da baƙin da ke sauka. Sama na Bashiru ne. Rodin nan nasa ne, in ya girma ya ɗora a kai. Ba a sayar da gidan nan, ba a kuma taɓa rodin nan."

Ni da rawar kai na leƙa takardar na ce, "Baba, ni ina nawa?"

Aka bushe da dariya, har Inna. Baba ya dafa kaina ya ce, "Ke naki yana gidan mijinki, Ramatu. Can za a gina miki."

Ni ma na yi dariyar. Me na sani?

Ku da kuka tashi yanzu kuna ganin rodi a saman gidaje kuna cewa gini ne bai ƙare ba. A Zangonmu ba haka muke karanta shi ba. Rodi a tsaye yana nufin gidan nan da mutum a waje, ana jiransa, wurinsa na nan. Mai wucewa ya ɗaga kai ya san Alhaji wane yana da ɗa a Legas ko a Abijan. Ba a yanke shi sai mai shi ya mutu. Da ɗan Malam Idi maƙwabcinmu ya nutse a jirgin ruwa a hanyar Gabon, sai da aka yi sadakar arba'in sannan aka kira mai injin yanka ƙarfe, kuma ranar matan layinmu sun fi kuka a kan ranar da labarin ya zo. Ina wurin, na ga uwarsa tana toshe kunne. Na faɗi wannan ne don kada wani cikinku ya nema min uzuri ya ce ban san ma'anar abin ba.

Iskar Kwatano gishiri ce, ƙarfe take ci. Saboda haka kowace shekara kafin ruwa ya sauka, Baba yakan karɓo baƙin mai a garejin masu kamiyo, wato manyan motocin kaya, ya hau da tsumma ya shafe rodin nan ɗaya bayan ɗaya, ya kife wa kowanne gwangwanin tumatir a ka. Bashiru ya girma yana riƙe masa galan. Da ya kai ashirin da huɗu sai shi ma Gabon ta kira shi, ya tafi neman arziki, ya ce shekara biyu. Bayan tafiyarsa da shekara uku Baba ya rasu, Bashiru bai zo ba, wai takardunsa ba su cika ba. A shekarar kuma mahaifinku shi ma ya rasu. Gidan da aka ce can za a gina min, ina fita takaba danginsa suka nuna min ƙofa da ladabi, baffanku ya kwashe ku ya tafi da ku garin Jugu. Na dawo gidan ubana da akwati ɗaya, babu miji babu 'ya'ya, na tarar da Inna ido ya fara tafiya.

Wa ya rage ya hau sama? Ni. Shekara goma sha biyu ina ɗaure zani a ƙugu ina hawa matakalar nan da galan. Rodi arba'in da takwas ne, na san kowanne kamar yatsun hannuna, na san wanda ya karkace, na san wanda ya taɓa yaga min dantse. In na sauko sai na dirje hannu da kananzir, amma baƙin ba ya fita daga farce, haka zan tafi kasuwar Misebo in zauna a gaban atamfar da nake sayarwa. Wata 'yar Najeriya ta taɓa janye leshinta daga hannuna ta ce kada in ɓata mata. Na haɗiye. In Sallah ta zo Bashiru ya bugo waya, mu sha hira, ya tambayi Inna, sannan ya ce, "Yaya, rodina fa?" In ce suna nan. Ya ce bana in sha Allahu. Wallahi a lokacin ko kaɗan ba na jin haushi, daɗi ma nake ji, ina ganin amanar Baba ce nake riƙewa.

Shekarar da nake ba ku labari ruwa ya yi ruwa. Layinmu ya zama tafki, zemijan ma, wato 'yan acaɓa, sai dai su sauke mutum a bakin titi ya tattare riga. Duk shafe-shafen da nake yi ashe tsatsa ta bi ta gindin rodin ta shige cikin ginshiƙai, ta kumbura ta tsaga kankaren. Wata safiya Inna ta idar da walaha ta tashi ke nan, sai wani ɓantare kamar turmin daka yaji ya faɗo daga rufi daidai kan dardumarta. Da ta ƙara minti ɗaya a zaune da shi ke nan. Na aika aka kira Kojo, wani magini ɗan ƙabilar Fon da ya yi aikin gidan tun yana ɗan koyo a hannun ubansa. Ya hau ya ƙwanƙwasa ko'ina da guduma, ya sauko ya same ni a tsakar gida.

"Tanti, hanya biyu ce," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Ko mu kankare tsatsa, mu zuba wa kowane ginshiƙi hular siminti ta rufe rodin, in mai shi ya zo ya fasa hula ya ci gaba. Ko mu yanke su daga gindi mu shafe. Duka biyu ruwa ba zai ƙara shiga ba."

"Wanne ya fi?"

"Hula mana. Aikin kwana uku ne."

Ku lura da wannan da kyau, don shi ne abin da na ɓoye shekara da shekaru. Akwai hanyar da ba sai an yanke ba, kuma an gaya min ita da rana tsaka.

Da yamma na kira Bashiru na zayyana masa komai. Ya yi salati, ya yi ta tambayar ko Inna ta ji ciwo. Sannan ya ce:

"Yaya, a zuba hular. Don Allah kada a taɓa min rodina. Bana nake tafe, wannan karon da gaske ne."

"Shekara goma sha biyar kana tafe, Bashiru."

Ya yi dariyarsa ta ƙuruciya, wadda in ya yi ba na iya yi masa faɗa. "Allah da gaske, Yaya. Har zane na sa an yi min. In na ɗora benen ke ma kin huta. Matata ta karɓi hidimar Inna, ɗakunan ƙasa mu fasa su mu yi shaguna. Ke kuma mu gyara miki ɗakin baƙi na zaure, ki zauna abinki kafin Allah ya kawo wani."

Kafin Allah ya kawo wani! Ina da shekara arba'in da bakwai, furfura ta fito min, gwiwata tana ƙara in na hau matakala. Ɗakin zaure, inda fataken shanu ke kwana biyu su shafa mai su wuce. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, ba da mugunta ya faɗa ba. Kyauta yake ganin yana yi min. Da zagina ya yi da na rama na huce. Na ce masa to, na kashe waya, na shiga ɗakin Baba na buɗe akwatin ƙarfensa na ciro takardar simintin nan. Ta yi laushi, fensirin ya dushe, amma ana gani. Ga ɗakin Baba, ga na Inna, ga na baƙi, ga sama da sunan Bashiru da ajami. Har wurin ɗaure ragon Layya Baba ya zana. Na juya takardar gaba da baya ina neman ko ɗigo, babu ni.

Washegari da Kojo ya zo da katakon da zai haɗa hula, na ce ya mayar, ya zo da injin yanka ƙarfe. Ya tsaya yana kallona.

"Tanti, mai rodin ya mutu ne?"

"Ban kira ka tambaya ba. Yanke."

"Ni ba ɗan Zango ba ne, amma na san abin da mutane za su ce."

"Su ce. Su suka shafa musu mai?"

Ya girgiza kai ya tafi. Ranar Alhamis da hantsi ya dawo. Na so in gudu kasuwa, sai zuciya ta ce a'a, tsaya ki gani. Ƙarar injin nan ta cika layi, rodi yana faɗuwa kan dal ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai na ji shi a haƙorina. Ba zan yi muku ƙarya ba, na farko da na biyu wani sanyi na ji a raina. Ban kai ga na goma ba na ji muryar Inna daga ɗaki. Na shiga na same ta a tsaye tana laluben bango, mayafinta ya zame.

"Ramatu, wa ya mutu? Ki gaya min gaskiya, Bashiru ne?"

"Ba wanda ya mutu, Inna. Rufi ake gyarawa."

"Wannan ba ƙarar gyara ba ce. Na ji ta a gidan Malam Idi."

Kafin in ba ta amsa sai ga sallama. Matan layi ne, sun yafa manyan mayafai, suna shigowa da salati, wata har ta fara kuka tun daga zaure. Ta'aziyya suka zo yi. Ni da bakina na tsaya a tsakar gida ina ce wa kowace Bashiru na nan da ransa, lafiyarsa ƙalau, shekaranjiya ma mun yi waya. Suka dubi juna, suka dubi sama, suka fita sumui-sumui. Da gidan ya watse Inna ta zauna a bakin gado ta ce:

"Kin yi wa ɗana arba'in yana raye."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Amma Inna tun da na dawo gidan, duk abincin da na ajiye mata sai ta ce Allah ya yi miki albarka. Daga ranar ta koma cewa na gode. Ni na yi mata wanka, ni na yanke mata farce, ni na riƙe kanta ranar ƙarshe, ina jira, na gode kawai nake samu.

Kuma kun san abin takaici? Ya zo. Shekara goma sha biyar yana cewa bana ba ya zuwa, sai shekarar da na yanke. Wata biyar bayan haka, ina zaune a zaure ina tsintar shinkafa, zemijan ya tsaya a ƙofar gida. Wani mutum mai ƙiba da furfura a gemu ya sauko, da jaka a kafaɗa da wata doguwar takarda a naɗe a hammata. Bai dubi ƙofa ba, sama ya fara dubawa, yana murmushi. Na ga lokacin da murmushin ya ɗauke. Ya daɗe a tsaye har mai babur ya yi masa magana. Sannan ya shigo ya ce min sannu da gida, ya wuce ɗakin Inna. Na jiyo kukansu. Na dafa masa dambun kifi irin wanda yake so tun yana yaro, na kai, ya ce alhamdu lillahi a ƙoshe yake. Da ya fito bayan la'asar na tare shi a tsakar gida.

"Rufin ne ke zuba, Bashiru. Ya kusa kashe Inna."

"Na sani, Yaya. Ai kin gaya min a waya, har da maganar hula."

Ya ce Allah ya saka da alheri da ɗawainiyar Inna, ya ɗauki jakarsa ya tafi unguwar Bedoko wurin wani abokinsa. Ko matakalar bai kalla ba. Daga baya Kojo ya ce min ana iya huda ginshiƙan a dasa sabon rodi, ya riƙe bene kamar na da. Na aika masa da wannan saƙo har sau biyu, na biyun ma ta bakin limami. Amsar da ya aiko gajeriya ce, wai waɗancan Baba ne ya dasa.

Ya zauna a Kwatano shekara guda, yana zuwa wurin Inna in ya tabbata ina kasuwa. Da ta rasu aka zauna rabon gado, ya miƙe a gaban malamai ya ce shi ba shi da komai a gidan nan, a bar wa Ramatu. Ya tattara ya koma garin Paraku, ya kira iyalinsa daga Gabon suka same shi can. Ga yadda na ci gida, in ji mutanen Zango. To na ci. Na samu ɗakin da nake nema, har guda shida, ina kwana a wanda na ga dama.

Kada ku ce na wanke kowa. Har yau ina jin haushin Baba, Allah ya gafarta masa ya gafarta min. Ya zuba ginshiƙan da suka shekara hamsin ba su motsa ba, ya kuma zuba mana a ka wane ne mai gida wane ne mai wucewa, wannan ma bai motsa ba. Mutumin da ya tuna da rago bai tuna cewa miji na mutuwa ba. Ina jin haushin Bashiru da bai taɓa tambayar yaya hannuna ba. Ina jin haushin matan da suka iya yafa mayafi su zo kukan ƙarfe, amma shekara goma sha biyu suna ganina a sama cikin rana ba wadda ta ce sannu. Sai dai duk wannan bai sa injin a hannun Kojo ba. Ina iya buɗe baki a wayar nan in ce Bashiru ka ɓata min rai, ni ba baƙuwa ba ce a gidan ubana. Yaron da na goya ne, da ya ji. Girman kai ya hana ni roƙon abin da nake ganin haƙƙina ne, na zaɓi in yi masa magana da abin da duk Zango za ta gani.

Shekara uku da suka wuce, wata biyu kafin rasuwar Bashiru, na ji ɓarin jikinsa ya shanye. Ban gaya muku ba, na ce Jugu zan je biki. Na shiga mota tun asuba da ƙullin busasshen kifi da garin rogo, ina ta shirya abin da zan faɗa tun daga Bohikon har Paraku. Na ce ko zai tofa min yawu sai na durƙusa. Na sami gidan da tambaya. Yana zaune a kujerar roba a inuwar mangwaro, ya rame, bakinsa ya karkace. Matarsa ta leƙo daga madafa, ta gane ni, ta sunkuyar da kai. Na yi sallama. Ya daɗe yana kallona, na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce a raina Allah ya karɓi addu'ata. Sai ya ɗaga hannun da ke motsi ya yafito 'ya'yansa, samari biyu da budurwa ɗaya, ya ce da harshensa mai nauyi:

"Ku zo ku gaida Hajiya. Maƙwabciyarmu ce a Zango. Tana da kirki, ita ta yi jinyar Inna."

Suka durƙusa suka gaishe ni da ladabi. Na amsa musu gaisuwa. Budurwar, mai goshin Inna sak, ta matso kusa da ni tana murna.

"Hajiya, ashe kin san gidan su Baba! Yana nan har yanzu?"

Na ce mata yana nan. Ta ce Allah sarki, ta tashi ta kawo min ruwa a kofin baƙi.